Kifaffun Tukwanen Kufai

Garin da aka haife ni ba ya bakin titi. Yana can bisa dutse a ƙasar Doguwa. Sai ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, sannan ka saki kwalta ka yi ta hawa har babur ya gaza, ka ƙarasa da ƙafa. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu 'ya'yansa ma mun daɗe da daina kiran sunan, kufai kawai muke cewa.

Kakanninmu sun hau dutsen ne don gudun mahara. Suka jera duwatsu suka yi ganuwa, suka yanka gonaki a gangare hawa-hawa, kowace da 'yar katangarta ta dutse don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Dawa suke nomawa da maiwa da acca, da ɗan auduga can ƙasa wajen rafi. Tsofaffi sun ce akwai zamanin da rumbunan garin suka fi ɗakunan kwana yawa, kuma ban ƙaryata su ba, don na ga gindin rumbunan da idona.

Ina ɗan shekara biyar aka tashi. Ba yaƙi ya kore mu ba, ba kuma annoba ba. Rijiyoyi ne suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, ga shi an ja titi ta kwari, mota tana zuwa har bakin gona ta ɗauki amfanin mutane, mu kuwa sai jaki ya sauko da namu yana nishi. Yau wannan gida ya sauka, gobe wancan, har liman ya rasa wanda zai bi shi salla, shi ma ya naɗe buzunsa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta sauko tare da mu ba. A daminarmu ta ƙarshe ta rasu, a can aka binne ta. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan. Ni kuma ban taɓa tambayar a ina ba, don mahaifinmu mutum ne da in ka ambaci Inna sai ya tashi ya bar maka wurin.

Na yi boko, na zama malamin gona. Shekaru na yi ina yawo a ƙasar Kiru, daga Ƙafin Maiyaki zuwa Ɗansoshiya, ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin noma yadda ake noma. Aikin ya bar mini hali guda: in na faɗi magana, to ta zauna, kuma ba na son a ce mini "amma". Matata ta sha gaya mini, ban ji ba.

Da na yi ritaya na koma sabon garinmu na bakin titi, sai na tarar kufai ya fara baƙi. Wasu ɗalibai ne, an ce, suka je kallon ruwan Tiga, suka zarce kudu, wani mafarauci ya hau da su. Suka ɗauki hoton ganuwa da kukoki da ruwan da ke zubowa daga tsagin dutse in damina ta yi nisa, suka watsa a waya. Kafin ka ce kwabo, kowace Asabar sai ka ga motoci a gindin dutse, mutanen birni da gorunan ruwa suna tambayar hanya. Masu yawon buɗe ido, in ji su. Mu da muka gudo daga wurin saboda ƙishirwa, ga wasu suna ƙona mai su zo su kalle shi. Na yi dariya har na gaji, sannan na ce to, ai kuwa ba za mu zauna muna kallo ba.

Aka kafa kwamiti, aka ba ni shugabanci don ni ne mai bakin magana da baƙi. Ranar da muka fara hawa da fartanya da adda ba zan manta ta ba. Tun ina yaro rabona da wurin. Ciyawa ta fi mutum tsawo, bango ya narke ya koma tudu, amma hanyoyin garin suna nan, ƙafa ta goge dutse ya yi santsi. A kan wani falalen dutse ga ramukan niƙa na mata a jere, ruwan sama ya cika su. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. A daji ko'ina ka ji tsuntsu, amma da ka shige ƙofar ganuwa sai ka ji kamar an toshe maka kunne. 'Yan aikin da ke ta surutu a hanya duk suka rage murya, ba wanda ya ce su yi.

Sai kuma tukwane. Kowane kango muka shiga, in an sare ciyawar bayan ɗaki, sai ga tukunya a kife. Wani gidan biyu, wani gidan bakwai, manya da ƙanana, har da shantulan alwala na ƙasa, duk baki a ƙasa, wasu sun nutse rabi. Aka tambaye ni, tunda ni ne haifaffen wurin. Ni kuma bakina bai iya cewa ban sani ba. Na ce ai mata ne suka kife kayansu ranar tashi don kada ruwa ya taru a ciki, da niyyar za su dawo su ɗauka. Maganar ta yi mini daɗi, har ni kaina na yarda da ita.

Na sa aka ciro su duka. Da an ɗaga tukunya sai ka ga ƙasar ƙarƙashinta sumul, da sanyi, ba tururuwa ba kunama, wani wari yana tasowa irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a bayan dutsen ya tsaya daga wajen ganuwa yana kallonmu. Na yi masa sallama, ya amsa, ya daɗe yana duban tukunyar da ke hannuna, sannan ya ce, "Malam, shanuna ma ba sa shiga nan." Na ce a raina tsoron iskoki ne kawai. Ya kaɗa shanunsa ya zagaya ta nesa.

Muka wanke tukwanen, muka yi wa tsohon zauren dagaci rufi, muka jera su a ciki baki sama, aka ce ɗakin kayan tarihi. Gidaje biyar na tsakiyar gari kuwa, har da namu, na ce a baje su a yi fili don baƙi su samu wurin hutawa. Aka ture ragowar bango, aka kwashe duwatsu, aka tone kututtura, aka baje ƙasa aka daɓe, aka kafa rumfuna. Dattawan da suka san garin da wayonsu yawanci sun mutu, waɗanda suka rage kuma gwiwa ba ta kai su bisa dutse, saboda haka ba wanda ya ga abin da muke yi.

Kuma wallahi gari ya farfaɗo. An haƙa rijiyar burtsatse a gangare. Mata suka fara hawa da fura da waina, masu babur suka samu sana'a, wasu magidanta suka gyara kangon iyayensu suka tare. Tsofaffin gonakin nan na hawa-hawa aka sake nome su, acca ta yi kyau ƙwarai. Ranar da na ji kukan jariri da amon taɓarya a cikin ganuwa sai da na yi ƙwalla. Ina alfahari da wannan har gobe, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama daidai, shi ne zauren. In rana ta take tsaka, iska ta ratso ta taga, tukwanen sai su ɗauki gunji ƙasa-ƙasa, kowace da muryarta, kamar ana hira a bayan bango. Baƙi suna son abin, har ɗauka suke a waya. Masu fura kuwa suka janye ƙoransu daga inuwar zauren suka koma rana. Na yi musu faɗa, na ce iska ce da bakin tukunya, ko kwalba ka hura haka za ta yi. Suka ce sun ji, amma ba su dawo ba. Ni ma, tsakani da Allah, in azahar ta gabato nakan samu dalilin fita.

Ina da yaya mace, ta girme ni da shekara goma sha biyu, aure ya kai ta Yako tun ina firamare. Ita ta goya ni bayan Inna, don haka ita kaɗai ce a duniya take gaya mini magana in haɗiye. "Malamin gona" take ce mini, kuma ba don girmamawa ba. Labarin kufai ya kai mata, ta aiko cewa tana so ta zo ta ziyarci kabarin Inna kafin ƙafa ta ƙi. Da bazara ta zo, ana tsananin zafi. Muka hau a hankali, tana dogara sanda, tana gaya mini nan gidan wane ne, can na wance ne.

Ni ban ma tsaya kan abin da ya kawo ta ba, burina ta ga aikina. Na ja ta zaure. Ta tsaya a bakin ƙofa har idonta ya saba da duhun ciki. Ta bi layin tukwanen tana shafa su ɗaya-ɗaya, bakinta yana motsi, har ta kai kan wata baƙar tukunyar tuwo mai gutsurarren baki, da zane uku a wuya. Ta ɗora tafinta a kai.

"Wa ya ɗauko Inna?" ta ce.

Na ce, "Yaya, ai tukunya ce. Mata ne suka kife…"

"Rufe mini baki." Ba ta ɗaga murya ba. "Na ce wa ya ɗauko ta daga kanta?"

A nan tsaye ta gaya mini abin da duk mai wayo a tsohon garin ya sani. Garin a kan dutse yake, ba inda za a haƙa kabari sai cikin gidaje, bayan ɗakuna, inda kakanni suka yi ta jido ƙasa daga kwari suna zubawa. Don haka kowane gida shi ke riƙe da matattunsa. In mace ta rasu sai a kife tukunyarta a wajen kanta, in namiji ne shantalinsa, don kada a taka, kuma don 'ya'ya su san wanne ne nasu. Mu da muka tashi a bakin titi maƙabarta muka sani a bayan gari, irin ta kowa. Abin da na wanke da sabulu na jera a zaure, nake yi wa baƙi bayani a kai, alamun kaburburan garinmu ne gaba ɗaya.

Iska ta taso a lokacin, tukwanen suka fara. Yaya ta juya ta dube su, ta ce, "Sannunku," yadda ake gaida mutane, ta fita.

Na bi ta zuwa filin. Ranar Asabar ce, rumfuna cike, wasu na cin shinkafa, wasu na ɗaukar hoto, wani ya kunna waƙa a waya. Ta tsaya tana neman inda ɗakin Inna yake. Ba bango, ba turken awaki, ba kututturen durumin da ke tsakar gidanmu, ba ko dutsen murhu. Fili ne fetal, kuma ni na sa aka yi shi haka. Ta yi gabas ta dawo, ta yi kudu ta dawo, tana sauke ƙafa a hankali. Har la'asar tana yi. Daga ƙarshe ta ce, "Malamin gona, ka ɓatar mini da uwa." Ta ƙi cin abincin gidana, washegari da sassafe ta hau mota ta koma Yako.

Da farko haushi na ji, ba kunya ba, gara in faɗi gaskiya. Na ji haushin mahaifinmu da ya mutu bai gaya mini ba, na ji haushin dattawa, na ji haushin makiyayin nan da ya tsaya yi mini zancen shanu maimakon ya fito fili. Har ita Yayar na ji haushinta. Sai da na yi kwana uku ina ganin laifin kowa, sannan na ga ba wanda ya rage sai ni. An tambaye ni, ban sani ba, na ƙirƙiro.

Na je wajen liman. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, ya ce tono dai ba za a yi ba, kuma kada a sake barin kowa ya taka filin sai an san inda mutane suke kwance. Na sa aka cire rumfuna aka zagaye wurin da igiya. 'Yan kwamiti suka yi ta gunaguni, ni ma na zazzage musu nawa, muka rabu baram-baram. Na bi tsofaffin da suka rage gida-gida. Kowa ya tuna tukunyar tasa uwar, amma in na ce ya kwatanta mini wurin sai ya ce ai bayan ɗaki ne, kusa da rumbu. Ɗakin da rumbun duk na baje. Kullum sai in hau in tsaya a bakin igiya ina kallon ƙasa. Inna tana wani wuri a gabana, ban san ko sau nawa na bi ta kanta ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kada Yaya ta mutu da wannan magana a tsakaninmu.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, wuni da kwana ana yi. Da ya ɗauke da hantsi na hau ni kaɗai, dutse yana ta tururi. Ina shiga ƙofar ganuwa na hango filin yana ƙyalli, na ɗauka ruwa ne kawai ya kwanta. Da na matso sai ƙafata ta ƙi gaba. Ba kwanciya ɗaya ruwan ya yi ba. Filin ya lotsa wuri-wuri, ya yi gurabe dogo-dogo, kowane gurbi tsawon mutum, ruwa ya cika shi yana nuna sararin sama. Dukkansu kudu da arewa suka miƙe, ba wanda ya karkace, kamar sahun salla. Ba iska, ba tsuntsu. Na ji bakina yana cewa assalamu alaikum ban shirya ba.

Ni malamin gona ne, na san dalili. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa daidai da wadda ba a taɓa ba, mu kuma mun kankare tudun kai mun zuba sabuwa, ruwa ya danne ta ta zauna. Na san wannan sarai, amma sanin bai hana ni jin tsoro ba. Kafin rana ta shanye ruwan na kira magidantan da suka tare, muka zagaye kowane gurbi da tsakuwa. Kowa ya cire takalmi.

Washegari na kama hanyar Yako, mota zuwa Kwanar Ɗangora, daga nan babur. Na same ta a tsakar gida tana ɓare gyadar iri. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na ce, "Yaya, sun fito." Hannunta ya tsaya. Ba ta tambaye ni su wa ba, ta ce a miƙo mata mayafi.

Kafin mu iso an sake yin ruwa, guraben duk sun cika. Na ɗauko tukunyar Inna daga zaure na rungume, na bi bayanta. Ta shiga tsakaninsu tana sallama, tana bi ta gefe-gefe. A wajen da muke zaton nan ne gidanmu akwai shida ko bakwai, ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Na ce, "Yaya, ta yaya za ki gane?" Ta ce in yi shiru. Na lura ba dogayen take dubawa ba, tsakaninsu take leƙawa. Can ta tsaya, ta nuna da sanda.

A jikin wani dogon gurbi, ta gabas, manne da shi, akwai wani ɗan ƙarami da bai fi kamu ɗaya ba. Ranar da muke jera tsakuwa mun wuce shi, mun ɗauka zaizayar ruwa ce.

"Ga Inna," ta ce. "Duk garin nan ita kaɗai aka kwantar wa da 'yarta a gaba."

Na ce, "Wace 'ya?"

"Ƙanwarka. Wajen haihuwarta Inna ta tafi. Ita kuma ta kwana biyu ta bi ta, ko suna ba a yi ba. Kai an kai ka gidan kawu. Da ka dawo Baba ya ce kada wanda ya gaya maka."

Na durƙusa na kife tukunyar a wajen kan Inna, bakinta ya shige cikin laka. Muka yi addu'a. Na haura sittin a duniya, ranar na fara sanin inda uwata take, kuma ranar na ji ina da ƙanwa. Na yi kuka ba kunya, Yaya ta bar ni na yi.

Da na lafa ta ce, "To, je ka ɗauko ƙaramar."

"Wace ƙarama, Yaya?"

"'Yar ja, mai kunne ɗaya. Jaririya ba ta da tukunya, sai na ɗauki taka, wadda Inna ke dama maka kunu a ciki. Ni na kife ta da hannuna."

Na san ta. Ba sai na je zaure ba. A watannin farko wata baƙuwa daga birni ta ɗauke ta tana jujjuyawa, ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ni kuma, don a ce mutanen kufai akwai karamci, na ce ta tafi da ita, kyauta. Ban tambayi sunanta ba. Ko fuskarta ba zan iya kawowa ba.

Na gaya wa Yaya. Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dubi ruwan da ke cikin ɗan gurbin. Na ce zan sayo sabuwa a kasuwa, irinta sak. Ta girgiza kai, ta ce ba a kife wa mamaci baƙuwar tukunya, sai wadda aka ci a cikinta a gidan. Sannan ta tsuguna da ƙyar, ta fara tsintar tsakuwa tana jerawa a gefen gurbin, ni ma na sa hannu.

An mayar da tukwanen da aka gane masu su, sauran an kife su a jere a bakin filin. Baƙi har yanzu suna zuwa, daga bayan igiya suke tsayawa, ni kuma ina gaya musu gaskiya. Duk wanda ya zo daga birni sai na kwatanta masa 'yar jar tukunya mai kunne ɗaya, in ce ko ya taɓa ganin ta a falon wani, wataƙila da furen roba a ciki. Sukan yi mini murmushi su ce za su duba. Yaya ta rasu bara. Kan ƙanwata har yau a buɗe yake.